Abin da Ya Rage na Ƙaninki

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? Yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Mu nan lafiya lau, sai kewa.

Na ɗauki biro ne saboda kin daina ɗaga wayata, wata na uku ke nan. Ban ga laifinki ba. Ke kika goya ƙaninki bayan rasuwar Inna, kuma ba daga bakina kika fara jin cewa akwai wani abu na jikinsa da ya rage a asibiti ba, a bakin mutane kika tsinta. Wannan kuskurena ne. Rubutuna ba kyau, kin san a aji shida na tsaya, ki ba autarki ta karanta miki a hankali.

Saƙonki na ƙarshe shi ne in je in karɓo abin a binne, don bai kamata mutum ya shiga ƙasa ya bar sauransa a firji ba. To, na je ranar Laraba, kuma wallahi da niyyar karɓowa na fita. Su ma sun aiko mini takarda suna nemana.

Ba cikin asibitin ba ne, wani gini ne a bayansa, hawa na uku. Ba marasa lafiya a wurin, ba gadaje, sai kwalabe da injuna masu gurnani. Suka sa mini farar riga da aka ɗinka wa aljihu a karkace, hannuna har ƙaiƙayi yake in farke in gyara. Wadda ta tarbe ni ita ce likitar nan gajeriya mai tabarau da igiya, wadda ƙaninki yake kira Mai Tambaya, don in ta zauna bakin gadonsa ba ta tashi sai ta ji har abin da kakansa ya mutu da shi. Ashe ita ba ta ba da magani, bincike ne aikinta, a kan sojojin da ke cikin jinin mutum.

Ta zaunar da ni ta ɗauko takardar da ya sa wa hannu kafin a yi masa aikin hanji. Yaya, rubutunsa ne! Da fensir ɗin kafinta ma ya rubuta a gefe, wanda yake sokewa a kunne. Ya ce ya yarda a ajiye jininsa da ɗan yankin ƙarin ciwon dajin da aka cire a yi bincike, amma kada a taɓa na ƙarshe sai an tambayi maiɗakinsa, don ita ce mai shawara. Ni ce mai shawara! Shekara ashirin da uku muna tare bai taɓa faɗa mini haka a gabana ba, sai a takardar asibiti. Na yi dariya, na yi kuka, Dakta ta miƙo mini hankici ta juya tana gyara takardun da ba su bukatar gyara.

Kwalba shida aka ajiye, an yi aiki da huɗu. Saura biyu, kowace ba ta kai ƙaramin yatsana ba. Ɗaya sojojin jininsa ne, ɗaya kuma ƙwayoyin ciwon da ya ɗauke shi. Na ce a nuna mini. Aka kai ni wurin wani dattijo, kowa Baba yake ce masa, shi ke kula da wata babbar tukunyar ƙarfe da ta kai ni ƙugu. Ya sa safar hannu irin ta masu gasa burodi, ya ɗaga murfin, sai ga farin hayaƙi yana zubowa ƙasa kamar ruwa, sanyi ya lashe mini ƙafa. Ya zaro wani ɗan akwati ya nuna mini daga nesa, ya mayar nan take. Lamba ce kawai a jiki, ɗari biyu da sha bakwai.

Kin san me ya fito daga bakina? Cewa na yi ba ya jin sanyi kuwa, mutumin da ko da zafi sai ya kwana da safa? Baba ya ce, Hajiya, shekara goma sha tara ina riƙe da gidan nan, ban taɓa samun ɗan hayar da ya yi ƙorafi ba.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Na ɗauka nama ne matacce aka ajiye. Ba haka ba ne. Dakta ta ce barci suke yi, in an ɗumama su za su farka su ci abinci su yi motsi. Wata takwas da rufe shi, amma akwai wani abu nasa da zai iya motsi! Na dawo gida na zauna a keken ɗinki, na kasa zura zare.

Ta ce zaɓi nawa ne. In na ce a'a, za su kashe ƙwayoyin da magani su liƙe su ba mu mu binne, ba wanda zai ga baƙina. In na ce e, za ta yi wani gwaji da su, kuma gwajin zai cinye su duka. Ban sa hannu a ko ɗaya ba. Na ce sai na yi shawara da Yayarmu.

Ki gaishe mini da kowa da kowa. Ina jiran amsarki ko da layi ɗaya ne.

Taki har kullum,
Amaryarki

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kin tashi lafiya kuma ƙafar ta yi sauƙi. Yaran nan suna gaishe ki, babbar ta ce in gaya miki ta fara iya yanka hannun riga.

Layi ɗaya na roƙa, layi ɗaya kuwa na samu. Autarki ta turo a waya: Mama ta ce a binne. Na ji, kuma ban raina ba. Na tambayi limamin unguwarmu ma, ya shafa gemu ya ce wannan sai ya duba, yau kwana goma sha ɗaya in ya hango ni sai ya ƙara sauri. Amma ki bari in gaya miki abin da na gano, domin kin taɓa tambayata wani abu a bakin ɗakin jinya na kasa ba ki amsa.

Kin tuna sabon maganin da ake ɗaura masa a jijiya duk bayan mako uku? Kin tuna malamar makarantar da ke zama a kujerar kusa da shi, mai saƙa hula? Magani ɗaya aka sa musu. Ita ta warke har ta koma aji, shi kuwa ko gezau. Kika ce mini, ke da kika yarda aka sa masa, me ya sa bai yi masa aiki ba? Tambayar nan ta zauna mini a ƙirji kamar dutse. Ita na kai wa Dakta.

Ta ɗauki takarda ta yi mini zane kamar 'yar aji ɗaya. Ta ce a jinin kowa akwai wasu ƙwayoyi da suke kira T, harafi ɗaya tal, ko sunan kirki ba a raɗa musu ba. Wasu masu faɗa ne, in sun ga baƙon abu sai su far masa. Wasu kuma aikinsu rabon faɗa, su ne masu cewa ya isa haka, don in ba su, masu faɗan sai su juya su cinye jikin mai su. Ciwon daji kuwa mugun wayo gare shi. Sai ya tara masu rabon faɗan a ƙofar gidansa, duk sojan da ya zo da fushi su rarrashe shi ya koma. Shi maganin nan ba ya kashe ciwo da kansa, kwance wa masu faɗa hannu yake yi.

Sai ta kunna kwamfuta ta nuna mini hoton ƙarin ƙaninki, an shafa masa launi. Masu faɗa jajaye, masu rabo koraye. Yaya, kore ne ko'ina, kamar gona bayan ruwa! Jajayen suna nan da yawansu, amma an kewaye su. Ta ce a cikin mutum fiye da ɗari biyu da ta duba, ba ta ga mai yawan nasa ba. Tana zaton shi ya sa maganin bai kama shi ba. Zato ta ce, ta maimaita sau biyu, ba tabbas ba.

Na fashe da dariya a ofishin mutane har sai da wata ta leƙo. Na ce Dakta, ai da kin tambaye ni da ba ki wahalar da injinki ba. Wannan mutumin da maƙwabcinmu ya ci mana taku biyu na tsakar gida da katanga, na tura shi ya yi magana, na leƙa bayan awa ɗaya na same shi yana miƙa wa magini bulo! Ashe har cikin jininsa haƙuri ne ya yi masa yawa. Ta yi dariya har ta cire tabarau, amma ta ce in yi hankali, halin mutum daban, ƙwayoyinsa daban, kada in je in ce ita ta faɗa. To ban ce ita ta faɗa ba, ni na faɗa.

Gwajin da take so ta yi shi ne ta farkar da su, ta raba sojojinsa kashi biyu. Kashi ɗaya ta bar su yadda suke. Ɗayan ta janye masu rabon faɗan. Sai ta zuba kowane kashi a kan ƙwayoyin ciwon nasa, a ga abin da zai faru. In zatonta ya yi daidai, ita da abokan aikinta za su san inda za su dosa don masu irin jikinsa.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba. Ni ba binnewar nake so ba, ba kuma gwajin ba. So nake a bar shi a tukunyar. Laraba uku ke nan ina rufe shago da azahar in hau bas in je, in zauna a bencin ƙofar ɗakin Baba, in yi ta ba shi labarin yara a zuciyata. Baba ya saba, har kujera mai jingina ya fito mini da ita. Wannan karon Dakta ta zo ta zauna kusa da ni, ta ce ba za ta yaudare ni ba. Abin da ke cikin tukunyar ba mijina ba ne, ba ya ji, ba ya sani. Kuma izinin ajiyar zai ƙare ƙarshen watan nan, dole a yi ɗaya cikin biyun. Na ji haushinta ƙwarai, na tafi ko sallama ban yi mata ba. A bas na gane gaskiya ta faɗa.

Saura kwana tara. Don girman Allah ki ɗaga wayata mu yi magana.

Ina gaida maigidan da kowa.

Taki,
Amaryarki

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya baki ɗaya. Gaisuwata yau gajeriya ce, ki yafe mini, don in na tsaya dogon zance zan rasa ƙarfin faɗin abin da na yi.

Na sa hannu. Na kira ki sau goma sha huɗu a kwana shida, ba ki ɗauka ba, ni kuma ban jira ba. Ba zan ce miki tilasta mini aka yi ba. Na sake karanta rubutunsa na fensir, na ga bai ce kada a taɓa ba, cewa ya yi a tambaye ni. Shi ya riga ya bayar tun yana da numfashi. Ni ce nake ta riƙewa. In akwai laifi a wurin Allah a kaina yake, ba a kanki ba.

Jiya Litinin da hantsi aka farkar da sojojin. Ƙwayoyin ciwon an riga an tashe su tun ranar Juma'a don su baje a faranti, waɗannan ban ce a kira ni ba, ba ni da abin gaya musu. Amma na jiya na roƙa a bar ni in tsaya, aka bar ni a bayan wani jan layi a ƙasa, da sharaɗin ba zan taɓa komai ba. Baba ya zaro kwalbar ya miƙa wa Dakta, ya ce mini ɗan hayarsa ya tashi lafiya, bai bar ko ƙusa a bango ba. Na ga idonsa ya yi ja, shi ma.

Ashe farkarwar da gudu ake yi. Dakta da nake gani kullum a natse, sai ga ta tana sauri kamar mai tuya. Ta tsoma gindin kwalbar a wani ruwa mai ɗumin jikin mutum tana juyawa a hankali. Na ce bismillahi a bayyane, ta ce in ƙara. Minti biyu ƙanƙarar ta narke. Ta zuba su cikin wani ruwa ja-ja, wai shi ne abincinsu, in sun ci sun ƙoshi sai ya koma ruwan ɗorawa.

Sai ta ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi ta haɗa da shuɗin ruwa. Ta ce waɗanda suka mutu a sanyi za su sha shuɗin, masu rai ba za su sha ba. Ta sa ido a madubin nan mai ƙara girma, tana danna wani ɗan abin ƙirga a hannu, ƙas, ƙas, ƙas, kamar mai carbi. Ni dai ina bayan jan layin ina jira. Can ta ɗago ta ce in zo in gani da kaina.

Yaya! Yaya! Ƙanana ne, zagayayyu, suna ƙyalli kamar an watsa duwatsun ado a kan baƙin yadi! Shuɗayen kaɗan ne. Ta ce takwas cikin kowane goma sun farka, kuma wannan adadi ne mai kyau. Na ce musu sannunku da tashi. Wallahi na faɗa, a gaban mutane, ban ji kunya ba. Da kina wurin da kin ture ni kin kalla.

Yau da safe ta yi rabon. Wasu 'yan ƙwayoyin ƙarfe ne da ido ba ya gani, suna manne wa masu rabon faɗa su kaɗai, sai a kawo maganaɗisu ya janye su gefe, kamar yadda nake tsince allurai in sun zube mini a ƙasa. Yanzu faranti biyu suna cikin wani kabad mai ɗumi. Ta ce in dawo ranar Juma'a. Ta kuma ce in shirya zuciyata, don sau da yawa ba abin da ke faruwa, faranti biyun su fito iri ɗaya.

Na kasa cin abinci, na kasa zama. Na ɗinke wa wata mata wuyan riga a baya, sai da na farke.

Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma ki yi mana addu'a.

Taki mai laifi,
Amaryarki

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ta kullum. Yaya jikin, yaya gida, yaya maigidan? Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Jiya da la'asar da na ga sunanki a wayata, saura kaɗan ta faɗi cikin ruwan wanki. Ba ki amsa gaisuwata ba. Abin da kika ce kawai shi ne, ya rama wa kansa? Ni kuwa sai na fashe da kuka, har kika gaji kika kashe. Kada ki ɗauka wulaƙanci ne. Ga amsar a rubuce.

Ranar Juma'a na isa wurin Dakta tun kafin a buɗe ƙofa. Dakta ta zo fuskarta ba ta nuna komai, ta ce in zauna gaban kwamfuta. Ashe akwai kyamara a cikin kabad ɗin tana ɗaukar hoto kwana ukun nan, sun haɗa ya zama kamar fim na minti ɗaya.

Ta fara da farantin farko, wanda aka bar masu rabon faɗa a ciki. Ƙwayoyin ciwon manya ne, sun baje a ƙasa sun miƙe ƙafa kamar gidan ubansu. Sojojinsa suna ta yawo a kansu, su matso, su shinshina, su wuce. Har fim ɗin ya ƙare ba abin da ya canja, ciwon ma ƙaruwa ya yi. Na ce a raina, haka aka yi a jikinsa ke nan shekara guda da rabi, muna zaune a gefensa ba mu sani ba.

Sai ta kunna na biyu. Da farko shiru. Can sai na ga ɗaya ƙarami ya je ya manne wa wani ƙato, bai sake shi ba. Wani ya zo, wani ya zo. Ƙaton ya fara tattarewa, ya dunƙule, ya yi ƙuraje, ya fashe! Suka bar shi suka nufi na gaba. Yaya, suna taruwa gungu-gungu, suna ƙaruwa, suna bi layi-layi suna sharewa! Ban san lokacin da na miƙe ba. Ina ta ihu ina cewa ku ci gaba, ga wani can, kada ku bar shi! Kujerar ta faɗi, ɗankwalina ya zame, Baba ya shigo a guje ya ɗauka gobara ce. Kafin minti ya cika, farantin ya yi fili, sai ɗaiɗaiku a gefe. Na sa ta maimaita mini sau biyar.

To ya rama, Yaya. Ƙarfin yana nan a jikinsa tun farko, riƙe shi aka yi. Ba maganin ne ya cuce shi ba, ba kuma ni da na yarda aka sa masa ba. Na daɗe ina so in iya faɗa miki wannan.

Dakta ta bari na huce sannan ta ce in saurara da kyau. Faranti ɗaya ne, na mutum ɗaya. Ba a iya janye masu rabon faɗa daga jikin mai rai gaba ɗaya, sai jikin ya ci kansa. Aikin da ke gabansu shi ne gano yadda za a sa waɗanda ke ƙofar ciwon kaɗai su yi shiru, kuma wannan zai ɗauki shekaru, mai yiwuwa ma a ƙarshe ya ƙi. Ta ce kada in gaya wa kowa an samo magani. Na yi mata alkawari. Amma da ta juya tana rubutu na ga ta rubuta kwanan wata ta soke har sau biyu.

Saura magana mai nauyi. Na tambaya ko za a ba ni abin da ya rage a farantin in kawo miki. Ta ce a'a, an gauraya su da magunguna an auna su, ɗan ruwan da ya saura dokar wurin ta ce a ƙone, kuma an gaya mini haka tun kafin in sa hannu. Gaskiya ne, an gaya mini. Babu sauran abin binnewa, Yaya. Abin da kika roƙe ni guda ɗaya ne, kuma na hana ki shi har abada. Wannan ba zan iya gyara shi ba.

Na fito daga ginin ina murna kamar in yi tsalle, na sayi lemo na raba wa masu gadi. Sai da na iso gida na sa makulli a ƙofa sannan murnar ta gushe, na zauna a ƙasa. Sai yanzu ya rasu mini duka. Makonnin nan ina da wurin zuwa, yanzu ba ni da shi, kuma duk duniyar nan ba wanda ya san shi tun yana rarrafe sai ke.

Zan shigo motar safe ranar Asabar mai zuwa. In kin ga dama ki bar ni a tsaye a ƙofa, zan jira. In kin buɗe, ki fara yi mini faɗan da kike tarawa, kada ki rage komai, ba zan ce uffan ba. In kin gama, sai ki matsa mini a tabarma mu yi kukan da ba mu yi tare ba.

Yara suna gaishe ki. Allah ya jiƙansa, ya haɗa mu da shi a inda ba ciwo.

Taki, in har kina so,
Amaryarki